Fargabar cikin fari: raki ne ko lalura, kuma me ke sauƙaƙa ta ba tare da ƙwaya ba?

Yarinya ta yi aure bara, bana cikinta wata shida. Barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa ba dalili, kullum tambayarta ɗaya: anya za ta tashi daga haihuwar nan? Me ke damunta, kuma me ya kamata a yi mata?

A gidan wani suna a Gwammaja na ji an tayar da wannan magana, kafin a gama rabon waina mata sun rabu gida uku. Wasu suka ce raki ne irin na 'yan zamani, su da suka haifi goma a ɗaki ba wanda ya ji kansu. Wasu suka ce tawakkali ne ya yi mata ƙaranci, ta riƙe azkar. Wata kuma ta ce a aika kemis a karɓo mata maganin barci ta huta. Muhawarar da ake yi ke nan a zaurukan mata na WhatsApp, kusan kalma da kalma. A duk cikinsu ban ji wadda ta ce a zaunar da yarinyar a tambaye ta abin da take tsoro ba.

Tsoro daban, fargaba daban

Tsoro yana da abin da ya jawo shi. Kare ya biyo ki, kin ruga, kin shige gida, shi ke nan ya wuce. Ita fargaba abin bai zo ba, wataƙila ma ba zai zo ba, amma jiki ya riga ya ɗaura ɗamarar gudu. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni a saki sinadaran shirin ko-ta-kwana, irin su adirenalin da kotizol, sai zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya jiƙe, wuya da kafaɗa su sandare.

Kusan kowace mai ciki tana ɗanɗana wannan jifa-jifa, kuma ba ciwo ba ne. Yana zama lalura idan ya ɗauki makonni bai sake ta ba, ya hana ta barci ko da gida ya yi tsit, ya hana ta cin abinci bayan laulayi ya wuce, ta tayar da salla ta kasa sanin raka'a nawa ta yi saboda tunani ɗaya da ke juyawa. Sau da yawa tana tafiya tare da ciwon damuwa, wanda shi kuma alamarsa mutuwar jiki ce da yawan kuka da fita sha'awar komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 10 cikin 100 masu ciki a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kai kashi 15.6 lokacin ciki, 19.8 bayan haihuwa. A layin awo mai mata ɗari, maganar mutum goma sha biyar ake yi.

Akwai kuma abin da ke kama da fargaba alhali ba ita ba ce. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50, zuciya kuma tana ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti don ta iya tura shi, saboda haka jin bugun zuciya kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a matanmu, yana kawo haki da jiri da faɗuwar gaba. Haka ma idan ƙwayar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo ta yi aiki fiye da kima. Shi ya sa kafin a ce wa yarinya tunani ne ya yi mata yawa, a fara auna jininta.

Me ya sa cikin fari ya fi shan wannan wahala?

Rashin sani ya fi dare duhu. Wadda ta haifi uku ta san yadda naƙuda take farawa, ta san zafin yana zuwa yana lafawa, ta san yana da ƙarshe. Mai cikin fari labari kawai take da shi, kuma labaran da ke zuwa kunnenta zaɓaɓɓu ne. Ba wanda ke ba da labarin haihuwar da ta zo lafiya, don ba ta da armashi. Wadda ta kwana uku a kan gwiwa, wadda aka yi wa aiki ba ta farka ba, wadda ta dawo da yoyon fitsari, su ne ke yawo daga gidan biki zuwa gidan suna.

Na gani da idona ranar da na raka ƙanwata awonta na farko a wani asibiti a cikin gari. Mun isa ana idar da sallar asuba, muka tarar an riga an jera katuna a kan tebur an danne da dutse. A bencin da muka zauna wata mata mai ciki na bakwai ta dubi ƙanwata, ta dubi lallen da bai gama fita daga farcenta ba, ta ce, "Amarya, na fari ne ko? Allah sarki. Ai mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira." Daga nan ta kwashe labarin maƙwabciyarta da jini ya ɓalle wa, tun daga farko har wankan gawa. Ba mugunta take nufi ba, hira ce ta rage zaman jira. Ƙanwata ba ta ce uffan ba. Da aka kira ta ciki, minti uku ba su cika ba ta fito. A cikin adaidaita sahu na tambaye ta ko ta faɗa wa malamar asibitin cewa ba ta barci. Ta ce, "Yaya, ta yaya zan fara? Mutane cike a bayana, ita kuma ko ɗago kai ba ta yi ba."

Wannan shirun shi ne tushen matsalar, kuma mu muka koya mata shi. Cikin fari a ƙasar Hausa abin kunya ne ta fuskar kara: ana ɓoye shi watannin farko, saboda nauyin iyaye da kuma tsoron baki. Ba ta iya tambayar mahaifiyarta kai tsaye, uwar miji kuwa sai dai gaisuwa a durƙushe. An gaya mata tun tana budurwa cewa wadda ta yi ihu a naƙudar fari ta bar wa kanta abin gori har tsufa. Ga shi an ɗauke ta daga gidan da ta saba, mai hayaniyar ƙanne, an kai ta wani sabon gida a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi, miji ya fita kasuwa tun safe sai bayan isha'i. Abokiyar hirarta waya ce, ita kuma waya da zarar kin kalli bidiyon tiyata ɗaya a TikTok za ta jero miki ashirin.

Kada kuma mu yi wa kanmu ƙarya, tsoron yana da asali. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Da wuya a samu gida a Kano da bai san wata da ta tafi ta wannan hanya ba. Don haka ce mata "ba komai" bai isa ba, ta san akwai komai. Abin da ba a gaya mata shi ne, ko da wannan mummunan lissafi, a cikin haihuwa 100 kusan 99 uwa na tashi, kuma manyan abubuwan da ke kisa, wato zubar jini da jijjiga da shigar ƙwayoyin cuta da doguwar naƙuda, duk ana iya tare su idan an isa asibiti da wuri.

Sai batun kuɗi, wanda ba a cika lissafa shi cikin fargaba ba alhali yana kan gaba: takardar kayan haihuwa, kuɗin hoton ciki, ragon suna, da tunanin ina za a samo kuɗi idan aka ce sai an yi aiki.

Dalilin da ya sa ake fara neman hanyar da ba ta ƙwaya ba

Magunguna da yawa suna ratsa mabiyiya su isa ga ɗan tayi. Ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam, da ake iya samu a wasu kemis ba takardar likita, suna sa jiki ya saba da su, kuma idan ana shan su dab da haihuwa jariri na iya fitowa a sanyaye, numfashinsa da kama nononsa su yi rauni. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe su ma magani ne, sai dai ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofin. Shi ya sa ga fargaba mai sauƙi ko matsakaiciya masana ke fara ba da shawarar hanyoyin da ba su da haɗari ga ciki.

Wani kuskuren yana ta ɗaya gefen. Macen da likita ya riga ya ɗora a kan maganin damuwa kafin ta samu ciki, kada ta watsar da shi rana ɗaya don ta ga layi biyu a gwaji. Ta koma wurin wanda ya rubuta mata.

Sani, tun kafin ranar

Tun a shekarun 1930 wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya lura cewa tsoro na sa jiki ya ƙanƙame, ƙanƙamewa na ƙara zafin naƙuda, zafin kuma ya sake ƙara tsoro. Daga irin wannan tunani darussan shirya wa haihuwa suka bunƙasa. Abin da ake koyarwa ba wani sirri ba ne. Mai cikin fari takan fara jin motsi a wajen mako 18 zuwa 20, don haka shirun wata uku ba alamar mutuwa ba ce. Ranar da hoto ya bayar ƙiyasi ne, jarirai kaɗan ne ke zuwa a ranar, haihuwa tsakanin mako 37 da 42 duk cikin lokaci take. Naƙudar fari ta fi tsawo: bayan bakin mahaifa ya buɗe santimita 5 tana iya ɗaukar sa'o'i har zuwa 12 ba tare da an ce ta zo da gardama ba. Yarinyar da ta san wannan ba za ta ɗauka mutuwa ce ta zo ba don gari ya waye ba ta sauka ba.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko, daidai lokacin da mu kuma muke ɓoyo. Dabarar da na ga ta yi wa ƙanwata amfani ƙarama ce: ta riƙa rubuta tambayoyi uku a bayan takarda ta saƙala a katin awo. Abin da baki ya kasa furtawa, sai ta miƙa a karanta. Akwai kuma tsarin awon rukuni, inda ake haɗa mata masu ciki sa'annin juna su riƙa zuwa rana ɗaya, su zauna da ungozomar asibiti a tattauna. An gwada shi a jihar Nasarawa da ƙasar Kenya. Idan asibitin unguwarku na yi, ya fi zaman benci nesa ba kusa ba.

Magana da wanda ya iya sauraro

A duk hanyoyin nan, wadda ta fi ƙarfin hujja ita ce tattaunawar gyaran tunani da ɗabi'a. Ba nasiha ba ce, ba kuma rarrashi ba. Ana taimaka wa mace ta kamo tunanin da ke tayar mata da hankali, ta furta shi, sannan a auna shi tare. Misali ta ce, "Ƙuguna ƙarami ne, ba zan iya haihuwa da kaina ba." Sai a tambaye ta wa ya faɗa, likita ne ko wata a gidan biki? In ma haka ne, me asibiti ke yi a irin wannan hali? Daga nan a maye gurbin tunanin da wanda ya fi kusa da gaskiya, a kuma ba ta wani ɗan aiki ta yi kafin zama na gaba.

Wani zai ce ina muka ga likitocin ƙwaƙwalwar da za su zauna da kowace mai ciki a Kano. Pakistan ma ba ta da su, kuma al'adunsu na zama da dangin miji da kawaicin mace ba su yi nisa da namu ba. A can aka tsara wani shiri na irin wannan tattaunawa da ma'aikatan lafiya mata na karkara suka riƙa gudanarwa gida-gida, sakamakonsa ya fito a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi littafin horarwa a 2015. A 2024 kuma aka wallafa wani gwaji da aka yi a Rawalpindi da mata 1,200 masu alamun fargaba. Rabinsu aka yi musu zama shida da ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, horo kawai aka ba su. Makonni shida bayan haihuwa, kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka samu zaman ne ke da fargaba matsakaiciya ko mai nauyi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 27. Abin da ya rage mana a nan horo ne da ɗaki mai ƙofa.

Numfashi, tafiya, barci

Waɗannan ba sa buƙatar kowa. Numfashi a hankali, musamman idan fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana taɓa jijiyoyin da ke rage gudun zuciya. Ta zauna ta jingina, ta shaƙa ta hanci tana ƙirga huɗu, ta fitar ta baki tana ƙirga shida, minti biyar safe da dare. Carbi ya isa agogo: kowace ƙwaya numfashi ɗaya, kafin ta kai 33 jiki ya saki. A saba da shi tun ana lafiya, don ranar naƙuda ba ranar koyo ba ce.

Motsa jiki kuwa, shawarar ita ce minti 150 a mako, wato kamar rabin sa'a sau biyar, tafiyar da za ta iya magana a cikinta ba haki. A zafin Kano na watan Afrilu sai dai bayan asuba ko dab da magariba, kuma zagayen tsakar gida ma tafiya ce. Wadda ke ganin jini ko aka ce jininta ya hau ta tambaya tukuna. Da dare a ajiye waya nesa da filo, a rage shayi mai ƙarfi da kofi da goro, daga mako 28 kuma a riƙa kwanciya a gefe.

Addu'a, da yadda ake mayar da ita bulala

Ba na jayayya da masu cewa ta riƙe azkar. Karatu da zikiri suna kwantar da hankalin mai imani, kowa ya shaida. Inda nake da magana shi ne idan aka mayar da "ki yi addu'a" hanyar rufe mata baki, har ta fara zargin kanta da raunin imani, ta tara zunubin da ba nata ba a kan fargabar.

A Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa 26, naƙudar fari ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a ce mata ta yi raki ba. An ce kada ta yi baƙin ciki, an nuna mata ruwa, an ce ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta sanyaya ido. Magana mai daɗi, abinci, ruwa, da abin da za ta yi da hannunta. Duk mai son yi wa mai cikin fari wa'azi ya fara daga nan.

Goyon ciki da matsayin miji

Kakanninmu sun gane cewa bai kamata a bar mai cikin fari ita kaɗai ba, shi ya sa suka tanadi goyon ciki, ta koma gida idan ciki ya tsufa. Yanzu wasu mazan na ƙi, suna cewa tsohon yayi ne. Ni ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata sama da 15,000, ya gano cewa macen da ke da wani tsaye a kanta tun farkon naƙuda har ƙarshe ta fi samun haihuwa da kanta, naƙudarta ta fi gajarta, tiyata ta ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a bar mace ta zaɓi mai raka ta. A ɗakunan haihuwa masu gadaje a jere ba yadda za a shigar da namiji, amma uwa ko yaya ko goggo, ya kamata a nemi izini tun a awo.

Masu sukar goyon ciki su ma suna da abin faɗa. Wata na komawa gida awo ya tsaya, a kama ba ta maganin zaƙi, naƙuda ta tashi a ce a jira tukuna kada a ce ta yi gaggawa. In za a tafi, a tafi da katin awo, a kuma san asibitin da ya fi kusa da gidan iyayen.

Shi kuwa miji, aikinsa ya fi sauƙi fiye da yadda yake zato. Rabin zullumin dare na tambayoyi ne masu amsa: idan abin ya tashi ƙarfe biyu wa zai kai ni, ina kuɗin, wa zai ba da jini, idan ba ka nan wa ke da ikon cewa a tafi asibiti? Ya ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita sahu na unguwa, ya ware kuɗi, ya san rukunin jininta, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa ya ba da izini tun yanzu. Ya kuma daina zolayar "namiji nake so".

Inda waɗannan hanyoyi ke tsayawa

Numfashi ba ya maganin hawan jini. Cikin fari na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin jijjiga, don haka ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, awon jini da ya kai 140 bisa 90, zubar jini, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci ko raguwar motsin ɗa, babu ɗaya da za a kira fargaba. Asibiti za a nufa a wannan sa'ar.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa ma akwai iyaka. Idan firgici na zuwa mata har ta ji kamar ranta zai fita, ko ta kwana biyu uku ido biyu, ko ta daina ci, ko ta fara cewa gara ta mutu, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, wannan ya wuce aikin gida. Mutanen Kano da sun ji an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau sai su ja baya, kamar an ce 'yarsu ta haukace. Ba lallai a fara da can ba. A faɗa wa ungozomar awo ko likitan mata, su za su tura ta inda ya dace, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan likita ya ga sai an haɗa da magani, akwai waɗanda ake ba masu ciki bayan an auna amfani da haɗari, kuma ana ci gaba da tattaunawar da tafiyar da numfashin tare da su.